Katin bukin da gwaggon amarya ba ta iya karantawa



Duk ranar Alhamis da Juma'a teburin sanarwa na gidan rediyon da muke aiki cika yake da katunan buki. Mai aurar da ɗa ko ɗiya ranar Asabar zai aiko yaro da kati da kuɗin sanarwa, a ce mu karanta bayan labarun rana da na dare. To a nan aikinmu yake farawa, don galibin katunan nan da Faransanci aka buga su. Sai mu ɗauki biro mu juya takarda, mu riƙa mayar da zancen zuwa Hausa layi bayan layi kafin mu shiga ɗakin watsa shiri. Ba mu taɓa ganin wanda ya ce a karanta masa sanarwar da Faransanci kaɗai ba, ko sau ɗaya. Kowa ya san in aka yi haka ba mai zuwa Fatiha sai abokan aikinsa na buro. Ke nan mutum ya san harshen da danginsa ke ji. Yana tunawa da shi in ya zo rediyo, yana mantawa da shi in ya je wurin mai buga kati.

Mun daɗe muna haɗiye maganar nan. Abin da ya sa yau muka kasa shi ne wata tsohuwa.

Kwanan baya aka kawo mana wani kati irin wanda ba mu saba gani ba. Kauri gare shi kamar kwali, amma da laushi a hannu, fari fat, kuma rubutun ya lotsa cikin takardar har kana jin kowane harafi da ɗan yatsa. Gefensa ruwan zinariya ne. Abokan aiki suka yi ta karɓa hannu zuwa hannu, kowa na shafawa. Yaron da ya kawo shi tare yake da wata dattijuwa da ta taho daga wani ƙauye can wajen Tibiri, gwaggon amarya ce, zai sauke ta unguwar Zariya bayan ya gama da mu. Ita ma an ba ta nata katin. Ta naɗe shi cikin leda, ta sa ledar cikin gefen zane. Da ta ga muna fassarawa sai ta matso ta ce, "Ɗiyana, ku karanta mani duka, in ji mi anka rubuta."

Muka karanta mata. Iyalan Alhaji wane a Maraɗi da Yamai da Kano. Iyalan Kanar wane. Iyalan wane, babban darakta. Iyalan Dakta wane a Faransa da Kanada. Gida ashirin da uku muka ƙirga. Da muka kai ƙarshe ta yi shiru, sannan ta ce, "Ba a ambaci gidanmu ba?" Muka sake dubawa tun daga sama. Babu. Yaron ne ya gaya mana daga baya cewa ita ta riƙe amaryar tun daga yaye har ta shiga kwaleji. Kwana huɗu tana ɗauke da katin nan a jikinta, tana nuna wa maƙwabta, ba ta san an tsallake ta ba.

Wani zai ce mantuwa ce. Mu ba mu yarda ba. Da a ce da Hausa aka rubuta katin nan, da an san jikanta ɗan aji uku zai iya karanta mata shi a tsakar gida tun ranar farko, wallahi da ba a manta ba. Faransancin ne ya ba da mafaka. Mai tsara jerin sunaye ya san wanda zai karanta da wanda ba zai karanta ba, sai ya rubuta don na farko.

Bari mu ɗan tsaya kan shi katin, don yayinsa ya fara shigowa kuma masu tallarsa a Instagram da TikTok suna yi mana kamar wani sabon abu ne ya sauko daga sama. Irin wannan bugu, da Turawan Ingila da Amurka ke kira letapires, shi ne mafi tsufa cikin bugun injin. Shi ne dabarar da Gutenbag ya haɗa a birnin Mayins na Jamus wajen 1450: a ƙera haruffa na dalma masu tudu, a jera su, a shafa masu tawada, a danna kan takarda. Shekara ɗari biyar da wannan aka buga littattafai da jaridun duniya, har bugun ofset ya zo ya ture shi. Abin dariyar shi ne, a wurin tsofaffin masu sana'ar, harafi ya lotsa takarda aibi ne. Gwani shi ne wanda dalmarsa za ta taɓa takarda ta bar tawada ba tare da ta bar rami ba, don ramin yana ɓata bayan shafi kuma yana cinye haruffan. Sai a shekarun 1990 a Amurka, da mujallun bukin aure irin ta Martha Stewart suka fara nuna katuna masu zurfin rubutu, abin da a da ake faɗa wa yaron shago saboda shi ya koma abin alfahari. Aka tono tsofaffin injuna irin Heidelberg daga inda aka jibge su, aka koma amfani da takardar auduga mai kauri don ta karɓi dannawar. Yanzu ma ba dalma ake jerawa ba galibi. A kwamfuta ake tsara katin, a fitar da shi kan faranti na wata roba mai tauri da haske ke gasawa, a ɗaura farantin kan inji. Kowane launi da farantinsa, kuma kowane kati sai ya bi ta cikin inji sau ɗaya don kowane launi. Shi ya sa yake da tsada, kuma tsadar ta gaskiya ce, aikin hannu ne mai cin lokaci.

Ba mu da faɗa da sana'ar. Abu ne mai kyau, wanda ya shafa katin nan ya ce bai burge shi ba ƙarya yake. Amma yaron ya ce mana jika biyu aka biya kowane ɗaya, an buga ɗari da hamsin, daga waje aka yo odarsu. Jika ɗari uku ke nan. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun farkon 2024 jika arba'in da biyu ne. Ku buga lissafin da kanku: albashin wata bakwai na ƙaramin ma'aikaci aka zuba kan takardar da ba ta iya yin aikin da goro biyu ke yi.

Kuma da yake katin ya yi tsada, dole a yi rabo da lissafi. Nan aka raba dangi gida uku. Manya masu mota a kai masu na auduga cikin ambulan har buro. Matsakaita a tura masu hotonsa ta WhatsApp. Na ƙauye a aika masu goro da dabino ta hannun direban kasuwa, in an tuna. Malamanmu kullum suna jan kunne kan walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta, hadisi ne sananne da yake cikin Buhari da Muslim. Mu yanzu tun kafin a ɗora tukunya mun riga mun tantance, a wurin mai buga kati.

Ba muna cewa a koma zamanin da ba. Mun san yadda rabon goro yake: mace ta ɗauki ƙwarya ta bi gida gida, ta yi sallama, a gaisa, a tambayi yara, sannan ta faɗi rana da wuri da bakinta, sanƙira kuma ya bi unguwa yana shela. Wannan ya yi daidai da garin da kowa ya san ƙofar kowa. Maraɗi ta yau ba haka take ba, Damagaram ma haka, balle Yamai. Dangi sun watsu, wani na Agadas, wani na Kwatanu, wani na Makka. Kati yana da amfani, hoton WhatsApp yana da amfani. Kuma samari da yawa da suka gama karatu ba su samu aikin gwamnati ba, da CorelDRAW da Photoshop da Canva suke ci da iyayensu, a ƴan shagunan sakatariya na bakin titi. Allah Ya ƙara masu kasuwa. Abin da muke cewa shi ne, mai rabon goro ba ta taɓa shiga gidan Bahaushe ta yi masa gayya da harshen da ba ya ji ba. Katin da ya gaje ta ya kamata ya gaji wannan ladabin.

Mun san amsoshin da za a ba mu, mun sha jin su a wurin shan shayi.

Na farko za a ce Faransanci ya fi tsari, akwai kalmomin da aka saba da su, Hausa ba ta da irinsu. Haba jama'a! Harshen da ake neman aure da shi, a yanka sadaki da shi, waliyyi ya ce ya bayar wakili ya ce ya karɓa da shi, shi ne zai rasa yadda zai ce ku zo ranar Asabar ƙarfe takwas na safe? Mu da muke fassara katunan nan kowane mako mun ga abin da ke ciki. Jimla ɗaya ce tal ake kwafa daga kati zuwa kati tun zamanin iyayenmu, ita ce dai wadda ake gani a shafin sanarwar aure na jaridar Le Sahel, har kuskuren da wani ya yi shekarun baya ana gadonsa. Mun ga katin da aka mayar da amarya namiji saboda an manta harafi ɗaya a ƙarshen kalma. Ba ƙwarewa ba ce ke sa mu rubuta da Faransanci, sabo ne da son a ce.

Na biyu za a ce ai baƙin ba Hausawa kaɗai ba ne, akwai Zabarmawa da Fulani da Buzaye da Barebari, akwai abokan aiki ƴan wasu ƙasashe. Wannan magana ce mai ma'ana, musamman a Yamai. To kati fuska biyu gare shi. A sa Hausa a ɗaya, a sa Zabarmanci ko Faransanci ko abin da ya dace a ɗayar. Wanda ya iya biyan kuɗin ruwan zinariya a gefe ba zai gaza biyan faranti na biyu ba. Amma don Allah kada mai aurar da ɗiya daga Gidan Rumji zuwa Tasawa ya ce mana saboda baƙin waje ya yi.

Na uku shi ne mai ƙarfi, kuma ba za mu kauce masa ba. Za a ce gwaggon nan ko da Hausa aka rubuta ba ta iya karantawa, don ba ta yi lakkwal ba, kuma irinta su suka fi yawa cikin manyan ƙasar nan. Gaskiya ne. Amma akwai bambanci tsakanin takardar da ke buƙatar mai karatu da wadda ke buƙatar tafinta. Rubutun Hausa, duk yaron da ya san baƙaƙe zai iya haɗa shi da ƙarfi, ko da yana tuntuɓe, kuma tsohuwa ta fahimta da kunnenta kai tsaye, har ta gyara masa. Na Faransanci sai an nemo wanda ya yi nisa, shi kuma ya faɗi abin da ya ga dama, ya tsallake abin da ya ga dama. Ban da haka, dubban mutanen da ba su taɓa zama aji ba suna rubuta Hausa kullum a salularsu, ƴan kasuwa da ƴan kabu-kabu da matan aure. Ga kuma ajami, da dattawan da suka yi makarantar allo ke karantawa ba tare da taimakon kowa ba. Sau nawa kuka ga layi ɗaya na ajami a katin buki? Bisimilla ce kawai ake liƙawa a sama da Larabci don ado, daga nan sai a juya zuwa Faransanci.

Sai mu zo kan ƴan kaɗan da ke ƙoƙarin bugawa da Hausa. Mun gode masu, amma su ma akwai magana. Kati ya zo mana an rubuta ana gayyatar jama'a "daurin aure". Dauri dai mun san shi, maganin nan ne mai ɗaci da ake ɗura wa jarirai. Wani ya jera sunayen alhazai da sarakuna a ƙarƙashin "manyan baki". Wani ya ce zai aurar da "diyarsu", kamar an yi kisa ana biyan diyya. Muna dariya a ɗakin labarai, amma abin ba na dariya ba ne. Mutumin da zai mayar da kati sau uku don an manta ɗigon da ke kan harafin Faransanci, shi ne zai karɓi "karfe takwas" ya ce ai kowa ya gane. Wasu kuma sai su rubuta Hausar da ƙa'idar Faransanci, a cika ta da "ou" da "tch" da "dj" har mai karatu ya rasa inda kalma ta dosa. Sunan mutum, mun yarda, a bar shi yadda yake a takardar haihuwarsa. Amma sauran zancen fa?

In ka yi magana sai mai shago ya ce injin ba ya da haruffan. Wannan uzuri ya mutu tun kafin a haife mu. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya ta Najeriya a 1939, kuma ta yi shekara da shekaru ana buga ta a zamanin dalma, lokacin da kowane ɗ da kowane ƙ sai an ƙera shi da ƙarfe kafin ya hau takarda. Bai gagare su ba. Nan Nijar akwai ƙa'idar rubutun Hausa da ma'aikatar ilimi ta tsayar tun 1999, da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a cikinta. Yau haruffan nan huɗu suna cikin kowace salula, in ka sa allon rubutu na Hausa a Gboard ka danna harafin ka riƙe za su fito. Akwai samfuran rubutu na kyauta irin Noto da Charis da ke ɗauke da su. Shi kuma farantin letapires ba ruwansa, duk abin da ke kan allon kwamfuta shi zai ɗauka, ko ajami ne.

Inda gaskiyar mai shago take guda ɗaya ce. Samfuran rubutun nan masu lanƙwasa da ake so a katin aure, yawancinsu waɗanda suka zana su ba su san da Hausa ba, in ka buga ƙ sai wani ɗan akwati ya fito a wurinta, ko harafin ya fito da wata siffa daban kamar baƙo cikin layi. To ai nan ne ake gane mai zane da mai kwafa. In ka karɓi kuɗin mutum da sunan za ka tsara masa kati nasa na kansa, wanda ba irin na kowa ba, zana ƙugiyar ƙ da hannunka aikin minti nawa ne? In ba ka iya wannan ba, me ka tsara? Ka sauko da hoton furen Turai da zobba biyu daga intanet, ka canza suna da kwanan wata, ka ce zane ne na musamman.

Wannan ma wani ciwon ne, a taƙaice. Garin da ke da zanen bangon gidajen Birni a Damagaram, da dagi, da aska takwas a wuyan riga, da adon faifai da na dukawa, da zanen lallen da ita amaryar za ta sha a hannunta, a ce katunanmu ba su da abin ɗauka sai hasumiyar Faris da kurciyoyi biyu. Irin layukan nan namu masu kauri da kusurwa su ne ma suka fi dacewa da bugun dannawa, don su ke fitowa raɗau in sun lotsa takarda.

Kada wani ya ɗauka muna wanke kanmu. Mu ƴan lakkwal mu ne tushen abin. Da yawa cikinmu da ke wannan gidan rediyo, katunan aurenmu da Faransanci aka buga su, mu muka zauna muka duba kowane ɗigo don kada abokan karatu su yi mana dariya, ba mu tambayi kanmu ko iyayen da suka biya kuɗin za su gane ba. An koya mana tun muna yara cewa abin da ke da muhimmanci da Faransanci ake rubuta shi, Hausa ta hira ce da ciniki. Wasunmu sun sha rataya alamar nan ta horo a wuya don sun yi Hausa a farfajiyar makaranta. Mun girma, alamar ta fita daga wuya ta koma cikin kai. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. An yi ta muhawara a kai, masu murna na yi, masu ƙorafi na yi, kuma kowa da hujjarsa. Amma mun lura da wasu da suka fi kowa buga ƙirji a Facebook a lokacin, katunan ƙannensu da ɗiyansu sun biyo ta teburinmu bayan haka. Ko kalma ɗaya ta Hausa babu. Gwamnati ba ta da hannu a katin bukinka. Ba minista ke zaɓa maka harshe ba, ba wani mai ba da tallafi daga waje ke sa maka sharaɗi ba. Kai ne da kuɗinka da mai shago.

Don haka ga roƙonmu. Masu aurarwa, kafin ku ba da izinin bugawa, ku sa a karanta wa mafi tsufa a gidan jerin sunayen nan da ƙarfi, da Hausa, ku ji abin da za ta ce. In faranti ya riga ya fita, gyara sai an sake biyan kuɗi. Masu shagunan zane, ku ajiye samfuri ɗaya na Hausa mai kyau kusa da na Faransanci, ku nuna wa duk wanda ya shigo, don da yawa ba su zaɓa ba ne saboda ba su taɓa gani ba. Wanda bai tabbata da rubutunsa ba ya nemi malamin yaƙi da jahilci ko na makarantun da ke koyarwa da harshen gida, suna nan cikin kowane gari, ko ya kawo mana nan gidan rediyo mu duba masa. Wannan dai ba sai an biya ba.

Ita kuwa gwaggo, ta karɓi katinta ta mayar cikin leda, ta ɗaure a gefen zane yadda ta zo da shi. Ta ce za ta je, don ita za ta yi wa yarinyar wanka kuma ita za ta kai ta ɗaki. Da dare muka karanta sanarwar da Hausa sau biyu kamar yadda aka biya, gida ashirin da uku.